Ina Tsofaffin Unguwar?

Korona ta cinye min tafiyar da na ci wa buri zuwa Turai, ta bar ni ina safa da marwa a ɗakinmu na unguwar Najma, nan ƙasar da nake ci-rani. Wata Juma'a na gaji, na nufi unguwar bakin teku da aka gina kamar tsohon birnin Turawa, da gadoji da dandali. Nan ma na kasa tsayawa wuri guda. Na kira mahaifiyata ta bidiyo ina nuna mata gine-gine.

"Ka gaida tsofaffin unguwar?" ta tambaya. "Ina suke zama?"

Na juya wayar gabas da yamma. Ko dakali babu, bango sai warin fenti. Duk faɗin wurin ni ne babba, har gadojin na girme su.