Ranar da Muryar Yaya Ta Makara a Ɗaurin Aure

Karatuna bai wuce aji uku na lakol ba, shi ma rabinsa a gindin bishiya na yi shi ina tsaron keken mushe, wato malaminmu. Saboda haka wanda ya zo neman ilimin rezo, wato sadarwar salula, a wurina ya yi asarar takalmi. Abin da ido ya gani kawai zan faɗa, kuma idon ma ya gaji.

A gidanmu uba ba ya ba da auren ƴarsa da bakinsa, wansa ke bayarwa. Da autata ta kawo wanda take so, wani malamin lakol daga Ajekoriya, sai magana ta koma wurin Yayana da ya tsufa a Arlit, ciwon ƙafa ya hana shi shiga mota. Na ce ya wakilta wani. Ya ce, "Na mutu ne?" Wanda ya san Yaya ya san ba amsa yake jira ba. In aka ɗaura auren nan babu muryarsa, zumuncinmu ya tsinke ke nan, kuma a shekarunmu ba a ƙulla igiya sau biyu.

Amaryar da kanta ta samo mafita. Ta aro wani ɗan farin akwati mai ƙyaftawa, wai shi wifi, wai saurinsa ya fi walƙiya. Ran jajibiri muka gwada. Sai ga Yaya tangaran a salula, har furfurar hancinsa ina gani. Na gaishe shi, ya amsa nan take kamar muna tabarma guda. Ta sa masa kod, wato lambar sirri, mai sauƙi don in riƙe, ta ce, "Baba, don Allah kar ka ba kowa." Na ce to, kamar yadda uba ke cewa to.

Da safe ƙofar gida ta cika. Ga dangin ango, ga abokan zamana na kasuwar dabbobi, ga surukanmu na Azagor sun sha rawani sai idanu. Wani ƙanen uban ango ya hango akwatin a kan taga, ya matso ya ce, "Alhaji, a ɗan sam mana kod mana." To ku gaya mini. Mutum ya yi sammako dominka, ka ba shi tabarma, ka ba shi ruwa, ya roƙe ka abin da ko raguwarsa ba a gani, ka ce a'a? Na ba shi. Shi ma da yake ɗan mutunci ne bai hana na kusa da shi ba. Kafin a fito da goro, kod ya zaga taro ya dawo, har wani ya zo yana tambayata ko ina so ya gaya mini.

Kowa ya ɗaga salula sama. Wannan yana nuna wa ɗansa na Libiya, wancan yana nuna wa ƙanwarsa ta Yamai. Ni ma na kira Arlit, na zauna kusa da liman.

Na ce, "Yaya, ina kwana?"

Shiru. Fuskarsa ta daskare, baki a buɗe. Na sake gaishe shi, sai ga muryarsa ta faɗo kan tawa. Na yi shiru don girmamawa, shi ma ya yi shiru yana jirana, sai muka sake farawa tare. Daga can na ji ya ce, "Kai, yaushe ka koyi katse ni?"

Liman ya ga rana tana ɗagawa, ya ce a fara. Wakilin ango ya nemi aure yadda ake nema. Liman ya sunkuya kan salula ya ce, "Alhaji, ka ji abin da suka zo da shi. Ka bayar?"

Shiru.

A wurinmu shirun babba magana ce, kuma ba mai daɗi ba. Dangin ango suka fara kallon juna. Wakilinsu ya gyara zama ya ce, "In akwai abin da ba mu sani ba a faɗa mana. Ai ba da ƙarfi muka zo ba." Yana rufe baki sai salula ta ce, "Lahiya lau, ina iyali?" Gaisuwar ɗazu ce sai yanzu ta iso. Wasu suka yi dariya. Wakilin ango bai yi ba, na ga yana laluben takalmansa da ƙafa.

A nan na tuna rijiyar Azagor da rani. Ruwa yana nan, amma baki ɗaya gare ta, kuma ko raƙumin wa ne sai ya bi layi. Muryar Yaya tana can bayan garke, ni kuma na buɗe wa garken hanya da hannuna. Amma in tashi in ce baƙi su kashe salula? Tamkar in ƙwace kwanon ruwa ne daga bakin mutum yana sha.

Na matsa kunnen liman na ce, "Allah gafarta Malam, a yi addu'a. Mai tsawo."

Ya ce, "Ai ba a ɗaura ba tukuna."

Na ce, "Addu'a ta taɓa ɓata aure?"

Ya dube ni, ya dubi salulolin da ke sama, ya ce a ɗaga hannu. To ba a roƙon Allah da hannu ɗaya. Kowa ya yanke apel, wato kiran da yake yi, ya tura salula aljihu. Tawa kuwa na aje ta a cinya. Liman ya roƙa mana damina, ya roƙa wa dabbobi lafiya, ya shiga matattu yana bin su gida gida. Ana cikin amin sai fuskar Yaya ta motsa.

"Wai kun ɗaura ne babu ni?"

Liman bai ko sauke hannu ba ya ce, "Alhaji, ka bayar?"

"Na bayar mana! Tun ɗazu nake bayarwa. Sau nawa ake ba da yarinya guda?"

Wakilin ango ya ce, "Mun karɓa," da saurin da ban taɓa jin dattijo ya yi magana ba. Aka shafa Fatiha. Hannaye suna sauka saluloli suka fito, Yaya ya sake daskarewa, wannan karon ido a rufe.

Auren yana nan, har da ƙaruwa. Yaya kuma yana kirana, ko da yake ya daɗe yana tuna mini na katse shi a gaban surukai. Yanzu in na gaishe shi sai in jingina da bango in jira, wani lokaci har gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ni kafin amsa ta iso. Ban da ƙarfin yi masa bayanin rijiya. Shi a ganinsa sai yanzu na koyi ladabi, kuma na bar shi a haka.