Daminar da Gida Ya Riƙa Ɓacewa a Kanmu

Ko zan manta da duk gidajen da na zauna a Dutse, ban da wani gida a Yalwawa da daminar da ya riƙa ɓacewa a kanmu kaɗan-kaɗan. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan rasuwar maigidana, wata Hajiya, aminiyar mahaifiyata tun suna 'yan mata a Kiyawa, ta kira ni ta nuna min ɗaki da rumfa a gidanta. Na yi mata zancen haya, ta galla min harara. "Ke da gidan uwarki? Zauna ki riƙe marayunki, ba mai tashin ki." Daga ni sai ita a tsakar gida lokacin da ta faɗa, sai kaji. Shekaru muna tare, ni ce girkinta, ni ce kai ta asibiti. 'Ya'yanta suna Kano da Abuja, sai Sallah ake ganin su.

Ta rasu a farkon damina. Aka yi zaman makoki aka watse, babban ɗanta ya yi min godiya har da ƙwalla. Bai ce min komai game da ɗaki ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya.

Sai aka fara. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar babu randar tsakar gida, sai shatin gindinta a ƙasa, ga ƙofa a kulle yadda na bar ta. Aka kwana biyu igiyar shanya ta tafi. Sannan ƙyauren banɗaki. Wata rana wayar lantarki aka naɗe tsaf aka yi gaba da ita. Abin da ya fi tayar min da hankali, duk ranar da wani abu ya ɓace sai in tarar an share tsakar gida fes, ga zanen tsintsiya, ba sawun kowa. Maƙwabta kowa ya ce bai ga komai ba, amma ba mai haɗa ido da ni. Autata ta ce, "Umma, Hajiya ce take dawowa tana kwashe kayanta." Na kwaɓe ta. Amma ni ma da rana tsaka sai na tsaya na yi addu'a kafin in tura ƙofar.

Wata maƙwabciyata 'yar Filato da ke aiki a kotu ce ta warware min. Ta ce, "Malama, ba fatalwa ba ce. Magada ne, suna da makullinsu. Sun sami mai saye, kunyar ki suke ji su ce ki tashi." Na ce ai Hajiya ta ce ba mai tashi na. Ta ce, "Wa ya ji?" Ta ci gaba da cewa, "Ba su da ikon korar ki da hannunsu, sai kotu. Amma ɗan haya shi ke da wa'adin da doka ta sani. Ke alfarma aka yi miki, mai alfarmar kuma ta tafi. Ko kin kai ƙara, iyakarta a ba ki 'yan kwanaki."

Washegari na bar makaranta da wuri. Tun daga bakin layi nake jin kukan ƙusa ana zare ta. Kafinta ne a kan ɗakina yana yaye kwano, gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari, ana hango gadona daga sama. Babban ɗan Hajiya yana tsaye a ƙasa, wata mata tana shara a bayansa. Ya yi murmushi ya ce, "A'a, Malama, an dawo? Ya yara? Ɗan gyara muke yi."

Na ce, "Alhaji, da ka ce min tashi, wallahi da ya fi min wannan." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba, ni in ce ki tashi? Ke da kika riƙe Hajiya?" Kafinta bai ko dakata ba. Raina ya ɓaci. Ruwan ya same mu muna ɗora katifa a Keke Napep.

Abin da na koya ke nan: alherin da aka yi maka da baki, ranar da aka rufe bakin yake ƙarewa. Yanzu duk wanda ya ce min zauna kyauta, sai in gode masa, in ce a kira mutane su ji, a faɗi har yaushe. Ana cewa na cika rashin kunya. Kunyar ce ta kwanar da 'ya'yana a kan jiƙaƙƙiyar katifa.