Yadda na wanke wa Baba kan jirginsa

Gari bai gama wayewa ba muka kama hanya ranar Asabar. Na baro Laurel, garin da nake zaune a Amurka, bayan sallar asuba, na biya Mitchellville na ɗauki wani dattijo abokin aikina a asibiti, mutumin Kafanchan, wanda nake kira Baba. Tun da na san shi ba shi da hira sai ta 'yan ƙananan jiragen ƙasa da yake haɗawa a gidansa. Ni a raina wasan yara ne, amma da ya ce in kai shi wurin baje kolinsu a Virginia, ban iya cewa a'a ba.

Ya fito rungume da wani kwali kamar mai ɗauke da jariri. A hanya ya gaya mini abin da ke ciki: kan jirgi mai shan dizal, bai kai tsawon takalmi ba, irin wanda marigayi mahaifinsa ya tuƙa tsakanin Kafanchan da Kaduna. Na Amurka ya saya, ya yanke hancinsa, ya sake masa fitilu, ya shafa masa kore da rawaya. Tun bara yake kansa, kuma yau ne karon farko da zai nuna wa jama'a.

Babban titin da ya zagaye Washington fayau yake, abin da ba a gani ranar aiki. Muka haye gadar kogin Potomac muna cin ƙosan da matarsa ta soya, har muka tsaya a wani gidan mai inda tsadar shayi ta sa na ce na ƙoshi. Baba ya shiga ciki, ni kuwa karambani ya sa na buɗe kwalin.

Sai na ga abin tausayi. Jar ƙura a ƙafafu, baƙin hayaƙi a rufi, tsatsa a gefe. Na ce idon dattijon nan ya fara rauni, ga shi cikin Turawa za mu shiga, ba zan bari a raina shi ba. Na zaro tishu mai lema na goge shi tsaf har yana ƙyalli, na rufe. Ban ma faɗa masa ba, wai ni mai alheri a ɓoye.

Wurin babban zaure ne, cike da tsofaffi masu gilashin ƙara gani a goshi. Na dubi tebur na farko, na dubi na biyu, gabana ya faɗi. Kowane jirgi duƙun-duƙun yake da datti. Ashe da gangan ake yi, da garin alli da ɗan burushi, kuma a nan gwanintar take.

Baba ya buɗe kwalinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ka taɓa shi?"

"Na ɗauka ƙura ce, Baba."

"Ƙura ce mana. Ta garinmu. Sai da na yi ta gauraya launi kafin na same ta."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ana haka wani tsohon Bature ya matso ya tambayi dalilin da ya bar shi fes. Baba ya yi murmushi ya ce haka yake ranar da aka kawo shi sabo. Ko kallona bai yi ba. Wallahi da ya zage ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi.

Da yamma muka juyo cikin cunkoso. Sai da muka kusa gida na yi ƙarfin hali na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, zai sake, sannan ya ƙara da cewa, "Ni dai ban taɓa ganinsa da tsabta ba. Da dattinsa yake shigowa tasha, mahaifina ya sauko daga ciki."

Na dawo Laurel da darasi ɗaya: kafin ka gyara wa mutum abinsa, ka tambaye shi ko ya lalace. Har yau idan na tuna maganar nan tasa, kunya ce ke rufe ni.