Dargazar da Kawu Ya Bar Mini

Jiya na je Kahu, gidan marigayi Kawu, na tarar da sandunan dargazarsa guda uku a murhu, ana dafa wake da su. Su ne ya rataye a rufin madafi kafin ya kwanta ciwo, ya ce bakuna zai yi mini. Haka yake aikinsa: sai itace ya shekara yana shan hayaƙi, sannan ya fere shi, ya mulke shi da man kaɗanya, ya ɗaura tsirkiya. Yakan ce, "Itacen da bai sha hayaƙi ba, ba ya riƙe amana."

Nan take na tuna ranar da babban ɗansa ya kawo bakan fayiba, ƙirar kamfani, daga Kano, aka fita bayan gari aka gwada. Kibiyar fayiba ta wuce ta Kawu nesa ba kusa ba. Mafarautan da ya daɗe yana yi wa bakuna suka bushe da dariya, ɗan nasa ya fi kowa. "Baba, zamaninka ya wuce!" Kawu ya taka da kansa ya tsinto kibiyarsa, ya goge ta da bakin riga.

Jiyan na ce wa ɗan, "Yaya, waɗannan fa nawa ne."

Ko kallona bai yi ba. "Me za ka yi da su? Itace ne."

Na zaro ɗaya daga wuta, rabinta ya ƙone. Tana ɗakina yanzu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da masu riƙon amana, tunda a nan bai same su ba.