Darbejiyar da ta ƙi rabuwa

Ku da kuke danna na'ura ta yi muku lissafi, ku saurara. Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da aka sauke mana dashen darbejiya a Gwarzo ba, zamanin Turawa, ina malamin daji. Karatuna aji uku ne na elementare, shi ma da bulala aka kai ni.

Baturen daji ya ƙirga da kansa: dubu biyu da uku. Ya ce a raba wa dagatai bakwai, zai dawo ranar kasuwa ya ga takarda. Hakimi ya ƙara nasa sharaɗi.

"Malam Ilu, rabo daidai nake so. Wanda ya fi da ɗaya zai ce shi ne babba, ka san halinsu. In aka yi rigima, kakinka na aiki zan karɓe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ashe ba a fara ba. Na baza tsakuwa dubu biyu da uku a tabarma, na kasa bakwai. Kowa ɗari biyu da tamanin da shida, saura ɗaya tana kallona. Na ce a ƙara dagaci ɗaya daga wajen Kabo su zama takwas, saura uku. Tara, saura biyar. Goma sha ɗaya, ga 'yar banzar nan ta dawo ita kaɗai. Na ce hakimi ya dasa ta a ƙofar gidansa, ya ce shi ba dagaci ba ne. Kwana biyu ina kasa tsakuwa kamar mai duba.

Na garzaya wajen hedimasta. Ya yi ta zane a allo, sannan ya yi murmushi.

"Malam, ka yi sa'a! Irin wannan lamba ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Masana suna ji da irinta."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Wato ko mutum ɗaya ya kwashe, ko in nemo dagatai dubu biyu da uku?"

Ya ce, "Sai dai ka cire ɗaya. Dubu biyu da biyu kam mai zumunci ce: bakwai, goma sha ɗaya, goma sha uku, duk tana yi da su."

Ranar rabo da hantsi, dagatai sun jeru, kowa idonsa a kan ta rarar. Sai ga akuyar sarkin fawa ta kutso, ta wuce dubu biyu da biyu, ta tsaya kan waccan da na ajiye gefe, ta cinye har saiwa. Na yi salati da ƙarfi, yadda kowa zai shaida.

A takarda na rubuta: "Ɗaya ta rasu a bakin aiki." Bature ya sa hannu, kakina ya tsira.

Abin da na koya shi ne, a aikin hukuma lambar da ta fi ƙarfin malami ba ta fi ƙarfin akuya ba. Kada ku tambaye ni wanda ya kwance ta. Igiyar dai a aljihuna ta kwana.