Irin da Rufaida ta Yaba

Marigayiya Rufaida malamar gona ce a Mayahi. Shekarar da ta fara gwada wani sabon irin hatsi a wata gona a Urafane, gonar ta yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Ta bi ƙauyuka tana yaba irin. Da aka maimaita gwajin a wasu gonaki, sai zangarnun suka fito ƙanana. Ta koma ta bincika, ta gano shanun makiyaya sun yi rani guda suna kwana a gonar farko, kamar yadda aka saba: su ci kara, su bar taki. Ashe takin ne ya yi aikin.

Shugabanta ya ce ta yi shiru sai an ƙara gwadawa. Ita kuwa ta san Ɗanbaba, wani manomi a Issawane, sabon irin kaɗai zai shuka, ga hadari ya fara haɗuwa.

Ta same shi yana gyaran sungumi.

"Baba, abin da na faɗa maka ba daidai ba ne."

Ya ajiye sungumin. "Ɗiyata, irin da na gada na daka shi, mun sha hura da azumi. Ke kika ce sabon ya fi."

"Ni na ce, Baba."

Ba ta kawo hanzari ba. Ta tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ba tsohon irin. Ya ce ƙanwarsa. Ta goya shi bisa moto har garin auren ƙanwar, suka samo abin da ya ishi rabin gonar. Sauran rabin ya shuka sabon, kuma bai amsa gaisuwarta ba sai da kaka ta yi.