Babin da Tela Ya Ɗinke

Shekara arba'in da biyu Tela ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai kemis da mai gyaran takalmi. Duk wanda ya taɓa kai masa ɗinki zai shaida maka cewa ba ya saɓa rana, dariyarsa kuwa sai ka yi shekara ba ka gani ba. Mutum ne dogo, siriri, kullum da tef ɗin awo a wuya, da guntun alli a bayan kunne. Idan ka shiga da surutu, sai ya ci gaba da taka kekensa har ka gaji don kanka.

Amma ranar Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, da la'asar, sai ya rufe keken da ƙyalle, ya share ƙasa, ya jera kujeru tara. A nan ƙungiyar masu karanta labaran bincike ke zama, littattafan nan da ake tsintar gawa a shafin farko, a yi ta neman wanda ya yi kisan. 'Yan layin suna kiransu 'yan wa-ya-kashe, su kuwa ko a jikinsu.

Matarsa ce ta kafa ƙungiyar. Ungozoma ce, mai fara'a da yawan tsiya, ita ta ja shi ciki da ƙarfin tsiya. Da ta lura wasu na leƙa ƙarshen littafi a gida, su zo suna nuna basirar ƙarya, sai ta ce masa, "Kai da ba ka magana, ga aikinka." Tun daga ranar, kowane kwafi sai ya bi ta hannunsa. Yakan haɗa shafukan babin ƙarshe ya ɗinke gefensu da farin zare, ya bar 'yar kafa a sama. Wanda ya kai ga ɗinkin sai ya rubuta wanda yake zargi a guntuwar takarda, ya zura ta kafar. Ta shiga ke nan, ba ta fita sai ranar zama, Tela ya sa almakashi a gaban kowa.

Zaɓen littattafan shekara ma a hannunsa yake. Kowa ya kawo littafin da yake so, a ajiye masa gwangwani a bayan labulen da ake gwada kaya. Tela ya ba kowa maɓallan katako biyu, a shiga ɗaya bayan ɗaya a jefa. Littattafan da suka fi samun maɓalli su za a karanta, wanda ya fi duka shi ne na farko. Shi ke ƙirgawa, kuma ba a taɓa cewa a sake ba.

Shekara shida da suka wuce Ungozoma ta rasu, kwana huɗu kafin zama. Ta riga ta kai ga ɗinkin wani littafi mai shuɗin bango, ta zura takardarta. Ba a yi zaman wannan watan ba. Kowa ya kawo kwafinsa a ɗinke, Tela ya jera su a kabad ɗin yadi, nata a sama.

Rubutunta na ƙarshe a duniya yana cikin shafukan nan. Almakashi biyar gare shi a shagon, amma bai taɓa zaren ba. Doka ta ce ba a buɗe littafi sai wanda ƙuri'ar shekarar ta zaɓa, dokar kuwa ita ta kafa ta. Kowace shekara sai ya ajiye wa mai shuɗin bango gwangwani, kowace shekara ya juye ya tarar da maɓalli biyu, nasa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ya ɗauka sun manta da ita. Allah sarki, su kuma gani suke in suka zaɓa za su tayar masa da ciwon da ya fara kwanciya. Ba wanda ya tambayi wani. Mutane tara da suka ƙware wajen gano sirrin baƙi a cikin takarda, ga na maƙwabcinsu a gabansu, shekara shida sun kasa gani!

A bana idonsa ya fara ba shi matsala. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya gefen gani ya fara duhu. 'Yarsa, wadda yake zaune a gidanta tun bayan rasuwar, ta kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Nan da 'yan watanni karatu zai gagare shi. A hanyar komawa gida ne ya faɗa mata maganar takardar, ita kaɗai.

"Baba, ka yanke zaren mana," in ji ta. "Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ta san halin ubanta. Sai ta bi 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ja shi gefe ta gaya masa, ta roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Kowannensu ya tafi gida yana ganin shi kaɗai ya sani.

Ranar zaɓe aka jera gwangwanaye bakwai. Aka shiga aka fito, ba mai kallon wani. Tela ya zauna a teburin yanka, ya fara juyewa. Shida na farko wayam. Ya ɗauki na mai shuɗin bango, ya ji nauyinsa. Da yatsu ya ƙirga, don idon ba ya raba su sosai. Ya kai sha takwas, bai tsaya ba. Ya kai ashirin da biyar.

"Mu tara ne," ya ce. "Maɓalli sha takwas na raba."

Ya ware na katakon gefe guda, ya ɗauki ɗaya daga cikin sauran ya murza.

"Wannan mai huda biyu ne, da guntun baƙin zare. Ni na ɗinka shi bara. Direba, gyara gaban rigarka, cikinka a waje yake."

Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan motar asibiti, ya dafe tumbinsa da hannu biyu. Tela ya ɗauki wani. "Na hannun riga. Mai kemis." Ya ɗauki wani ƙarami mai santsi, ya daɗe yana juya shi. "Haba Malama, har da ke?"

Malama, tsohuwar malamar lissafi da ba ta taɓa yafe wa ɗalibi satar amsa ba, ta cire tabarau ta goge idonta. "Na zaci kamar kullum za a yi, Yaya, ka ga biyu. Na ce ko da nawa huɗu ne. Ashe kowa haka ya yi tunani. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?"

"Ku me ya sa ba ku taɓa zaɓa ba?"

"Tausayinka muke ji."

Ya sunkuyar da kai. Shekara shida yana jin haushin mutanen da suke ta lallaɓa shi, kunya ta kama shi, da kuma wani daɗi mai ciwo. Amma da ya ɗago sai ya ce, "An yi maguɗi. Zaɓen ya rushe."

"Haba Tela!" in ji Direba. "Ko ka cire namu na sata, ai sha takwas ne cif!"

"Ba zan buɗe littafinta da ƙuri'ar da aka cuɗanya ba. A sake."

Aka sake. Ya danƙa wa kowa biyu a tafin hannu, 'yarsa ta tsaya a bakin labule tana duba hannaye. Sha takwas suka fito, duka a gwangwani ɗaya. Malama ta ce tunda aka kafa ƙungiyar ba a taɓa yin jerin shekara mai littafi ɗaya tal ba. Tela ya ce doka ba ta hana ba. Direba ya roƙa a yanke zaren yanzu-yanzu, ya ce a'a, ai kowa ya riga ya manta labarin, a je a sake karantawa, sai ƙarshen wata.

Watan nan ya yi wa 'yarsa tsawo. Satin farko da kansa ya karanta, a bakin shago da hasken safe, da gilashin ƙara girman rubutu. A sati na biyu layuka suka fara haɗewa. Sai ya rufe, ya ce ita ta karanta masa, abin da ya rage na ganin yana da aikin da zai yi da shi.

Ranar zama ya yanke zaren kwafi goma, nata ne na ƙarshe. Takardun suka zubo, aka bar su a ninke. Malama ta karanta babin ƙarshe da ƙarfi. Ƙanin mamacin ne ya yi kisan. Aka buɗe takardu tara, Tela kansa mai dafa abincin cikin labarin ya zarga, babu wanda ya dace.

Ya ɗauki tata ya fita bakin ƙofa, inda rana ta fi haske. 'Yarsa ta bi shi.

"In karanta maka, Baba?"

"Bari."

Ya kafa gilashin, ya karkata kai yana neman inda idon ke gani. Harafi bayan harafi ya bi, leɓensa na motsi. Ya daɗe sosai. Da ya kai ƙarshe ya koma farko, sannan ya karanta a fili:

"Ƙaninsa ne. In na ci, malam mai shan mur, wanke-wanken sati guda naka ne."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. "Shekara goma sha ɗaya tana zargin bayin Allah, ba ta taɓa dacewa ba," ya ce. "Malama, rubuta. Ta ci."

Washegari da safe 'yarsa ta ji ƙarar kwanuka a kicin. Ta tarar da shi a tsaye, ya naɗe hannun riga, yana laluben soso a gefen famfo, kumfa har gwiwar hannu.

"Baba, me kake yi haka? Kawo in ƙarasa."

"Bar ni," ya ce. "Yau ɗaya ke nan, saura shida."